Gidan kifin da ke hanyar Daɗin Kowa, a idon wanda ya bar nama

Wata takwas ke nan rabona da nama, tun ranar da likita ya duba sakamakon gwajin jinina ya ce kitse ya yi yawa, ga kuma hawan jini da ya fara leƙowa. Shawararsa ita ce in rage jan nama, amma sai na ga ya fi mini sauƙi in bar shi baki ɗaya, har da kaza, in koma kifi da ƙwai da wake da ganye. Ban haramta wa kaina abin da Allah Ya halatta ba, domin ragon layya an yanka shi a gidana, iyali da maƙwabta sun ci. Lafiyata kawai nake lallaɓawa.

A gida abin bai yi wuya ba. Wahalar tana waje, domin a yawancin gidajen abinci na Gombe da romon nama ake haɗa miya, ko da kifi za a ɗora maka a kai, kuma man da aka soya kaza a cikinsa shi ne ake tsoma kifin. Wannan ya sa na daɗe ina neman inda kifi shi ne sana'ar, har na dace da wani gida a bakin gari, kan titin da ya nufi Daɗin Kowa da Biu. Zuwana shida yanzu, kuma a kansu na gina abin da zan faɗa.

Babu nama a gidan ko kaɗan, saboda haka wayar gashi da tukunya da mai duk na kifi ne. Da ka shiga za ka tarar da manyan bahuna biyu cike da ruwa, tarwaɗa na motsi a ciki, kai za ka nuna wadda kake so a kamo ta a gabanka. Mai gashin bai ɓoye mini komai ba, ya ce: "Alhaji, tarwaɗar nan ta kiwo ce, karfasa ce ake kawo mana daga dam kullum da safe." Dam ɗin da yake nufi shi ne na Daɗin Kowa, wanda aka gina a kan kogin Gongola a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, kusan kilomita 40 gabas da Gombe, tafiyar da ba ta isa ta lalata kifi ba idan an tashi da wuri. Na duba karfasar da kaina, idonta garau, kuma da na danna ta da yatsa naman ya dawo bai lotsa ba.

Yadda suke wanke tarwaɗa ya burge ni ƙwarai. Yaron yana murza ta da toka har yauƙin ya fita tas, ya ɗauraye, sannan ya bi ta da lemon tsami, shi ya sa ba ka jin ƙarni ko a farfesu. Farfesun kuwa shi ne abin da gidan ya fi iyawa: citta da tafarnuwa da masoro da 'yar daddawa, attarugu daidai misali, kuma ba a juya shi da ludayi, girgiza tukunyar ake yi don kada kifin ya dagargaje. Gasasshiyar karfasa ana tsattsaga ta a cusa kayan ƙamshi, a shafa man gyaɗa kaɗan, a gasa a kan garwashin da ya riga ya huce daga harshen wuta. Da yajin ƙuli da albasa a gefe, ita ce ta fara cire mini kewar tsire. Sai dai tana da ƙaya, mai zuwa da yara ya zaɓa musu tarwaɗa.

Babban aibun gidan gishiri ne da dunƙule. A zuwana na biyu an cika su har na kasa ƙarasa abincin, alhali ga mai hawan jini ba a yi komai ba idan an gudu daga kitse an faɗa gishiri. Na yi magana, kuma tun daga ranar ake haɗa nawa daban, amma bai kamata sai mutum ya roƙa ba. Jira ma akwai shi, domin ranar wata Juma'a da daddare na yi minti 50 kafin a kawo mini. Ganye kuma ya yi ƙaranci. 'Yar kabeji da tumatir ba su wadatar ba, musamman da yake wanda ya bar jan nama yana buƙatar wake da zogale da alayyahu don cike giɓin sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Na ba su shawarar su ƙara kwaɗon zogale da faten wake.

Akwai kuma abin da ya kamata mai irin niyyata ya sani: man nan mai amfani ga zuciya da ake kira omega-3 ya fi yawa a kifin teku mai maiƙo, irin Titus da sadin, fiye da tarwaɗa da karfasa. Gidan ba ya sayar da kifin ƙanƙara, saboda haka Titus a kasuwa nake saya a dafa mini a gida.

Kuɗin ya danganta da girman kifin da ka nuna, kuma ya fi na tsiren da zai ƙosar da mutum ɗaya, don haka ba wurin zuwa kullum ba ne ga mai albashi irina. Sau biyu a wata nake zuwa, bayan La'asar kafin jama'a su cika, kuma tun daga bakin ƙofa nake cewa a rage gishiri.