Firintar da ta kusa sa Baffa ya ɗauke ni ɓarawo

Wata huɗu ke nan da na ɗauko firintar nan daga wani shago a bayan babbar kasuwar Garwa. Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da babu abin da za ku karanta sai zagi. Yanzu zuciya ta ɗan yi sanyi, amma ba duka ba.

Ni ne akawun siton Baffana. Shinkafa da sukari da man girki da sabulu muke saukewa. Kaya su taso daga Duwala a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, manyan motoci su ƙaraso mana da su, mu kuma mu raba wa 'yan kasuwar Marwa da Kuseri, har da masu tsallaka gada zuwa Njamena. Duk motar da za ta fita sai da takarda kwafi uku: fara ta mai kaya, ruwan hoda ta direba, rawaya ta zauna a ofis. Shi ya sa masu ce min wa ke sayen firinta mai allura a wannan zamani ba na ko tanka musu. Mai tawada da mai leza ba sa dukan takarda, abin da suka rubuta a ta sama ba ya ratsawa ƙasa. Mai allura kuwa duka take yi ta bayan ribon, bi ɗaya ta yi wa layi kwafi uku sun fito. Tsohuwarmu ta yi shekaru tana wannan bauta har allurarta ta karye, kowane layi ya riƙa fita da farin zare a tsakiyarsa.

Wadda na saya babbar ce, mai allura 24, mai ɗaukar harafi 136 a layi, mai cin takardar listin ɗin nan mai ramuka gefe da gefe, faɗin santimita 38. Kun san kuɗinta, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba. Mai shagon ya rantse sabuwa ce fil, ya ce haɗawa kyauta, yaronsa zai biyo ni. Yaron ya biyo ni kuwa. Ya jona waya, ya danna nan ya danna can, ya buga shafin gwaji a kan fallen A4 guda ɗaya, ya ɗaga min na gani, ya sha lemo ya kama gabansa. Inda na yi sake shi ne ban ce ya gwada da babbar takarda ba. Na ga rubutu ya fito baƙi wuluk, na hau washe baki.

Sai ƙarshen wata ya zo. Al'adar Baffa ce idan wata ya mutu ya zauna bayan La'asar da doguwar takardar masu bashi, yana bi da yatsa. A takardar nan suna ne farko, sai gari, sai kayan da aka ɗauka, sai abin da aka biya, sai ragowa. Bayan ragowa akwai ranar alkawari da wurin bayani, waɗanda galibi a wofi suke. Ranar kuma wani Alhaji daga Kuseri, tsohon abokin cinikinmu, ya zo a yi lissafi. An kira salla, ina sauri, na buga takarda na yage na ajiye a gaban Baffa. Na ga dai ɓangaren dama fari fat, na ce ai dama can ba a cika rubuta komai a wurin ba.

Da muka dawo daga masallaci Baffa ya sa tabarau, ya duba, ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya sake dubawa. Sannan ya ce, "Ɗana, zo nan." Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan murya. Ya ɗora yatsa a kan layin baƙon ya ce, "Alhaji ya biya miliyan ɗaya da ɗoriya ne ban sani ba? A hannun wa ya biya?"

Bashin mutumin sefa 1250000 ne. Abin da ke kan takarda 12500.

Wallahi ban taɓa jin zufa irin ta wannan rana ba, kuma a Garwa aka haife ni. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littafin gidan nan, dala ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, sai ga shi a gaban baƙo ana tambayata hannun wa kuɗi suka shiga. Bakina ya ƙi buɗuwa. Da ƙyar na ce, "Baffa, ka yi haƙuri ka taso ka ga kwamfuta." Na juya masa fuskarta, ga lamba nan cikakkiya. Muka bi layi layi, ashe kowane mai bashi an yanke masa sifili biyu na ƙarshe, kamar an sa reza an tsage takardar daga sama zuwa ƙasa. Baƙon ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce shi dai ya yarda da takarda, a ba shi ya sa hannu. Baffa bai yi dariya ba. Shi ba ya ba da haƙuri da baki, amma da daddare ya aiko min gida da gasasshen giwan ruwa na Binuwai, na gane saƙon. Duk da haka kwana biyu ban iya haɗa ido da shi ba.

Da safe na kira mai shago. Ya ce ba komai, matsalar filot ce. Haka masu gyaran nan suke kiran manhajar da ke tsakanin kwamfuta da firinta, da Faransanci, 'yan Najeriya kuma su ce direba. Baffa yana gefe yana ji, ya ce a tambaye shi jirgin sama muka saya ne da za a nemo masa matuƙi. Kwana uku kafin yaron ya dawo. Dabararsa ta farko ita ce ya matse shafin duka ya shiga cikin wurin da ke buguwa. Rubutu ya koma kamar ƙwayar gero, firinta ta riƙa zana shi kamar hoto tana jan ƙafa, kwafi na uku kuwa sai dai ka yi duba. Na ce ban yarda ba. Ya juya shafin zuwa kwance, sai ta buga komai a kaikaice, sai ka karkata wuya kafin ka karanta. Da ya gwada da Excel, ragowar layukan suka tsallake suka fito a wani shafi daban su kaɗai, lambobi babu suna. Rabin kwalin listin ya tafi a wannan wasa. Ƙarshe ya kira maigidansa, wanda ya ce wai takardarmu ce ba ta da kyau, mu zo mu sayi tasa. A nan na kashe waya, don abin da ke bakina bai dace da mai furfura ba.

Wanda ya fitar da ni kunya ɗan yayata ne da ke karatun kwamfuta a jami'ar Ngaundere, ya zo hutun ƙarshen mako. Bai ma taɓa kwamfutar ba da farko. Ya cire wayar da ta haɗa firintar da kwamfuta, ya ɗora babbar takarda, ya riƙe wani maɓalli yana kunna firintar, sai ta hau buga gwajin kanta, haruffa jere tun daga wannan gefe har wancan. Ya ce, "Kawu, lafiyarta ƙalau. Ba a dai gaya mata girmanta ba ne." Da ya duba, ashe direban ƙanwarta aka sa mata, ƙaramar mai harafi 80. Lissafin kuma a fili yake: harafi 10 a kowane inci, 80 ya ba ka inci 8, wato santimita 20 da 'yan kai. Tawa tana kai inci 13.6. Kwamfuta tana isa inci 8 sai ta tsaya, don a saninta takarda ta ƙare, kuma daidai nan ne layin ragowar bashi ya ratsa.

Na ɗauka da an sa direban da ya dace shi ke nan. Ina! Babbar takardar ba ta fito a jerin da manhajarmu ke nunawa ba. Ya aika a karɓo masa tef ɗin awo wurin telan da ke maƙwabtaka da mu, ya auna faɗi daga baki zuwa baki, ya auna tsawo daga ninki zuwa ninki, inci 11, santimita 27.94. Ya rubuta printui /s a wurin ba da umarni na Windows, ya shiga sashen girman takardu, ya ƙirƙiri sabo da wannan awo, ya raɗa masa suna "Sito". Ya nuna min wani tarko: idan ka rubuta awon da ya wuce abin da direban ya yarda da shi, ba za a ce maka ka yi kuskure ba, takardar kawai ba za ta fito a jerin firintar ba, ka yi ta nema. Kuma ƙirƙirar ba ta isa. Sai ka koma saitin firintar ka ce wannan takarda ce ke kan haƙoran da ke jan listin, ka sake zaɓarta a matsayin ta kullum, ka kuma zaɓe ta a cikin manhajar lissafi, don ita ma tana da nata taurin kan. Ga kuma hannun da ke gefen injin, dole ya kasance a kan alamar listin, ba ta falle ɗaya ba.

Manhajar ce ma ta ƙara ba mu wahala. Faɗi ya daidaita, amma kan shafi ya riƙa zamewa ƙasa a hankali. Ashe ta riƙe tsawon A4, santimita 29.7, alhali tamu 27.94 ce. Kowane shafi ana ƙara masa kusan santimita biyu, zuwa shafi na tara kan magana ya sauko tsakiyar takarda. Ya ce in haddace lamba biyu: layi 66 na takardar inci 11, layi 72 na mai inci 12, don duka biyun suna yawo a kasuwa kuma da ido ba ka cika bambance su ba. Na rubuta na manna a bango. Ya kuma ba ni labarin da ya ɗan ƙona min rai, cewa a harshen ESC/P da kamfanin Epson ya ƙirƙiro, wanda yawancin masu allura ke ji, akwai umarnin matse haruffa zuwa kusan 17 a inci, har ƙaramar mai 80 ta ɗauki 137 a layi. Wato da idon Baffa na ganin ƙananan rubutu da ban kashe kuɗin babba ba. To amma ba ya gani, magana ta ƙare.

Tun ranar, gaskiya, ba ni da ta cewa a kan aikinta. Mota biyar a jere a ƙofar sito, direbobi na ta matsa oda, ita kuma tana zubo takardu ba tsayawa. Ƙurar hunturu ta shiga ko'ina a ofis, ba ta ko yi tari ba. Da na ɗaga hannun kaurin takarda daidai da kwafi uku, ta rawayar ma tana fita tas. Har na fara cewa abokaina su saya.

Sai dai a wannan ranar gyara ne yaron ya ɗaga murfi yana hura ƙura, ya kira ni. A ƙarƙashin haƙoran ja akwai ɓarɓashin takarda, 'yan dunƙule-dunƙulen nan da ke faɗowa daga ramukan listin, shuɗaye. Mu ba mu taɓa sa shuɗiyar takarda a sitonmu ba, fara da ruwan hoda da rawaya muka sani. To wa ya sa? Sabuwa fil a kwali ta buga wa wani takardu kafin ta zo hannuna? Ribon da ya zo da ita kuma mako uku ya yi ya kode, irin wanda a tsohuwar nake watanni da shi. Na ɗebi ɓarɓashin a ambulan na kai wa mai shago, ya kalla ya ce wai gwajin kamfani ne. Kowa ya san ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma rasit ɗin da ya ba ni babu kalmar "sabuwa" a jikinsa, sai yanzu na lura.

Ga ƙara. Na san mai allura ba ta shiru, amma wannan injin markaɗe ce. Baffa ya kafa doka, idan yana waya da mutanen Duwala ba a bugawa. Idan kuma aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, wanda a garin nan ba labari ba ne, sai ka sake daidaita kan takarda ka faro daga farko, ka yi asarar kwafi uku uku. Dole na ƙara kuɗi na sayi na'urar riƙe wuta, abin da mai shagon bai ko ambata ba lokacin da yake zuba min daɗin baki. Injin kam ina son ta, in ta mutu irinta zan nema. Shagon ne ko ruwa ya kore ni ba zan fake a rumfarsa ba.

Akwai cikon jaka 15, wato sefa 15000, da na riƙe wa mai shagon tun ranar ciniki, a kan sai komai ya zauna daidai. Shekaranjiya ya turo yaron ya karɓa. Na ce ya zauna, na ba shi lemo kamar wancan karo. Tsohon direban da ya sa min yana nan a jeri, ɗan yayata bai goge ba. Na zaɓe shi, na buga takardar abin da shagonsu ke bina, na yage na miƙa masa. Ya duba ya ga 150. Na ƙirga masa dala talatin, wato sefa 150 ɗin, a tafin hannu, na ce ya gaida maigida.