Shagon falafel ɗin da na riƙa ci a Biyasheba

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun da na dawo Maradi kowa tambaya ɗaya yake mini, wai me kake ci a Isra'ila? To ga amsa. Wani ɗan shago ne kusa da kasuwar Biyasheba, birnin da ke cikin hamadar Negeb inda na yi karatun noman rani na ban ruwa ɗigo-ɗigo, tebur huɗu kacal gare shi.

Ranar farko da na ga falafel na tafasa cikin mai wallahi ƙosai na ɗauka, kamar na matan bakin kasuwa da safe. Ɗan uwan ƙosai ne, sai dai ba da wakenmu ake yi ba, wani wake ne mai zagaye da Larabawa ke kira hummus, a niƙa shi da ganye da tafarnuwa, shi ya sa in ka ɓara cikin kore ne shar, wajen kuma ƙamas-ƙamas. Sai a tsaga gurasa a cusa shi ciki da tumatir da kokwamba, a kwarara tahina a kai, ita tahinar nan riɗi ne zalla aka niƙa, riɗin da muke nomawa a gonakinmu mu sayar a buhu ba tare da mun san ana yin wannan daɗi da shi ba, abin ya tsaya mini a rai har yau.

Mai shagon dattijo ne Bayahude, iyayensa daga Iraƙi suka zo, yana jin Larabci. Shi ya koya mini amba, miyar mangwaro mai tsami, in ka ci sai ƙamshinta ya bi ka har washegari. Ba nama ba giya a shagon, ban taɓa ɗar-ɗar ba. Yaron da ke suya kuma Balaraben ƙauye ne daga Rahat, musulmi, shi ya nuna mini inda zan samu sallar Juma'a.

Abin da ban so ba, tsada. Kuɗin guda ɗaya da lemo ya ishe ka ci tuwo kwana biyu a nan gida. Ga rashin gaisuwa, ba wanda zai tambaye ka ina kwana ina gajiya, "yalla me kake so" kawai, farko na ɗauka wulaƙanci ne, ashe haka suke yi wa kowa har junansu.

Sai Shabat, ranar hutun Yahudawa. Juma'a da rana ya rufe, motar bas ma ta daina tahiya kafin faɗuwar rana, sai daren Asabar gari ke farfaɗowa, Lahadi kuwa ranar aiki ce. Makona na farko ban sani ba, da biskit da shayi na kwana. Daga baya dattijon da kansa yake ƙulle mini gurasa biyar da hummus a leda tun hantsin Juma'a, ya ce toda, wato na gode da yarensu, ba sai na faɗa ba.