An ƙona wa Baba ƙarin huhu da allura: abin da na gani da idona

Babanmu tsohon ɗan kasuwar goro ne a Kumasi, shekarunsa 71, kuma ya sha taba shekaru da dama kafin Allah ya raba shi da ita. Tarin da ya ƙi jin magani ne ya kai mu Gee, wato asibitin Komfo Anokye. Hoton CT, wato hoton na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, ya nuna ƙari a huhunsa na dama, girmansa bai kai santimita 3 ba. Aka ciri ɗan nama aka gwada, aka ce ciwon daji ne. Likitoci sun gaya mana gaskiya: tiyata ta fi, amma numfashinsa da zuciyarsa ba za su ɗauki yanka ba.

Da shawararsu muka sayar da fili, na raka shi wani asibiti a Indiya inda ake ƙona irin wannan ƙarin ta cikin fata.

Aikin kansa ya ba ni mamaki. An kwantar da shi a injin CT, aka kashe zafin wurin, aka ba shi maganin da ya sa shi gyangyaɗi. Likita ya soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari, yana duba hoto har tsininta ya shiga tsakiyar ƙarin. Tsinin nan ne ke fitar da igiyar maikurowef, irin ta na'urar ɗumama abinci, sai naman ya ɗauki zafi sama da digiri 60, ƙwayoyin cutar su mutu. Ƙunar kanta 'yan mintuna ce. Da aka fito da shi, filasta ɗaya ce tal a bayansa.

"Baba, sannu. Ya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata. Wai har an gama?"

Da dare murna ta koma ciki. Numfashinsa ya fara sarƙewa, ashe iska ta taru tsakanin huhu da ƙirji ta danne huhun. An faɗa mana tun farko cewa hakan na yawan faruwa, amma ji daban, gani daban. Sai da aka sa masa roba a ƙirji kwana 3, kuma aka hana shi hawa jirgi har huhun ya warke. Muka sauya tikiti, kuɗin masauki ya ninka. Duk mai shirin zuwa, don Allah ya ware kuɗin wannan.

Ni dai na gamsu, domin dattijon da ba ya iya ɗaukar wuƙa ya samu mafita. Sai dai an nanata mana cewa ƙaramin ƙari aka fi yi wa, kuma yana iya dawowa.

Hoton farko bayan mun dawo unguwarmu ta Aboabo a Kumasi ya kusa sa ni kuka, tabon ya fi ƙarin girma. Likita ya ce haka ake so, da gangan ake haɗawa da naman gefe a ƙona. A hoto na biyu ya fara motsewa. Yanzu Baba na taka ƙafa zuwa masallaci, sai dai yakan tsaya sau ɗaya a hanya ya huta. Hoto na uku bayan Sallah ne, in sha Allahu.