Mint Xfce ko Lubuntu a gefen Windows? Amsa ga mai tsohuwar HP

Salamu alaikum jama'a. Tambayar da ɗan uwanmu ya yi jiya da daddare na ga an yi ta jefa masa sunaye, kowa da nasa, har abin ya ƙara rikita shi, toh bari in zauna in amsa a tsanake. Abin da ya ce shi ne yana da HP 'yar Beljiyam da ya saya a Beirut Road, Core i3 tsohon yayi, ram giga 4, had-dis giga 500 irin mai juyawar nan, Windows 10 ce a kai kuma ta yi nauyi sosai, amma ba zai iya goge ta ba saboda CorelDraw da yake haɗa katin biki da kalandar walima da ita. Yana so ya ɗora Linux mara nauyi a gefe yadda in ya kunna zai zaɓi wadda zai shiga, shi ne yake tambaya tsakanin Linux Mint Xfce da Lubuntu wacce ta fi.

Malam, a kan wannan injin naka Mint Xfce zan ce ka sa. Amma bari in faɗa maka dalili don kar ya zama ka bi ni ido rufe, kuma akwai masu karantawa da injinsu bai kai naka ba, su amsar tasu daban ce.

Da farko tunaninka daidai ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato wani ɗan guntun tsaro da ke cikin inji, da furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wanda yawancin injinan da ke hannun mutanenmu a Kano ba su kai nan ba. Kenan barin Windows ɗin don CorelDraw kawai, sannan ka mayar da hawa intanet da harkar banki da imel ɓangaren Linux, wannan dabara ce mai kyau.

Su biyun nan uwarsu ɗaya. Mint 22 an gina ta a kan Ubuntu 24.04, ita ma Lubuntu 24.04 Ubuntu ɗin ce aka canja mata fuska, wato yanayin allo da menu da kake gani, saboda haka wayifai da sauti da firintar da ta yi aiki a ɗaya galibi za ta yi a ɗayar. Inda suka rabu shi ne fuskar da kayan da aka haɗo ka da su. Lubuntu tana amfani da LXQt, Mint ɗin da muke magana tana amfani da Xfce, kuma gaskiya ne LXQt ta fi rashin cin ram, ba musu a nan. Sai dai bambancin bai wuce 'yan ɗaruruwan megabayit ba lokacin da ka kunna ba ka buɗe komai ba, kai kuma ba kunnawa za ka yi ka zauna kana kallon hoton bango ba, burauza za ka buɗe, kuma da ka buɗe Firefox ko Chrome ka sa YouTube a shafi ɗaya, Facebook a ɗaya, WhatsApp a ɗaya, toh burauzar ce za ta cinye ram ɗin ko a wacce kake. A giga 4 wannan ɗan rarar da Lubuntu ta ba ka da wuya ka ji ta a hannunka. A giga 2 kuwa za ka ji ta sarai, shi ya sa duk mai giga 2 nake ce masa Lubuntu kai tsaye. Su kansu masu Mint sun rubuta cewa giga 2 ne mafi ƙaranci, giga 4 ne za a ji daɗinta.

Abin da ya sa na karkata ga Mint a wajenka shi ne ranar farko bayan ka gama ɗorawa, don a nan ne sabon shiga yake karaya ya koma Windows yana cewa Linux wahala ce. Mint tana buɗe maka allon maraba ta ja ka mataki mataki, ga Driver Manager da zai duba ko akwai direban da ya rage, ga Update Manager, ga Timeshift da zai ɗauki hoton sistem ɗinka yadda in ka ɓata wani abu gobe ka dawo da shi yadda yake jiya. Maganar direba ɗin nan kar ka raina ta, tsofaffin HP da Dell da yawa katin wayifai na Broadcom ne a cikinsu, sai ka gama komai ka duba kusurwa ka ga babu wayifai sam kamar an cire shi. A Mint sai ka jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering, ka buɗe Driver Manager ka danna, ka sake kunna inji shikenan. A Lubuntu ma ana gyarawa, akwai wajen ƙarin direbobi, amma sai ka san inda za ka leƙa, ba ta kama hannunka ta kai ka. Lubuntu an yi ta ne don wanda yake son abu fayau ba tarkace, wanda ya san abin da yake nema.

Sai maganar data, wadda mu a nan ita ce gaba da komai. Wajen saukewa kusan kunnen doki ne, kowacce ta doshi giga 3, saboda haka ka nemi mai ita a filash ka kwafa ko ka jira garabasar dare. Bayan ɗorawa ne suka bambanta. Firefox ɗin Lubuntu ta hanyar snap take zuwa, wato tsarin Ubuntu na sauke manhajoji, shi kuma snap da kansa yake afdet a bayan fage ba tare da ya tambaye ka ba, kana jone da hotsifot ɗin wayarka sai kawai ka ga saƙon datarka ta kusa ƙarewa. Ana iya tsayar da shi da umarni ɗaya a taminal, wato allon da ake rubuta wa Linux umarni, kuma Lubuntu 24.04 tana da zaɓin Minimal wanda ba ya zuwa da snap ɗin, sai dai shi ko burauza babu a ciki, kai za ka nemo. Mint kuwa ta toshe snap tun asali, afdet ɗinta 'yar garkuwa ce za ta fito a ƙasan sikirin ta sanar da kai, ba ta sauke komai sai ka ce ta sauke. Ga mai sayen data giga ɗaya giga biyu wlh wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsawon rai kuma, Mint 22 da 'yan uwanta za su ci gaba da samun afdet har 2029, Lubuntu 24.04 shekara uku masu ita suka ɗauka, zuwa Afrilu 2027. In kai mutum ne da ba ka son taɓa abin da yake aiki, ka ga inda ya fi maka.

Wanda injinsa 32-bit ne, irin ƙananan nan masu Atom da ram giga 1, duk biyun ba nasa ba ne, sun daina yin na 32-bit tuntuni. Ya nemi antiX, a kan Debian aka gina ta, ba ta da kyan gani amma tana tayar da injin da aka fid da rai da shi.

Yanzu wajen da nake so ka fi natsuwa, don zaɓen Mint ko Lubuntu in bai yi maka ba sakewa za ka yi, amma kuskuren fatishin, wato raba had-dis, ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Na taɓa ganin wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a wani shagon gyara, ta kawo a sa mata Linux a gefe saboda wani kwas, yaron shagon yana hira yana danne-danne ya bar zaɓin a kan Erase disk ya wuce, babi huɗu na furojet ɗinta da hotunan bikin yayarta duk suka tafi, tana tsaye riƙe da jakar kwamfutar ta kasa ko magana, shi kuma yana ta rantsuwa wai injin ne. Saboda haka kafin komai kwashe aikin CorelDraw ɗinka da hotuna zuwa wani had-dis na waje ko filash, ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu.

Sannan a cikin Windows ka yi abu uku. Ka kashe Fast Startup a Power Options, don in yana kunne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana barin had-dis ɗin a kulle, Linux ta ƙi rubutu a kai ko ma fayil ya lalace. Ka duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle had-dis da shi, na kunne, in yana kunne ka rubuta lambar buɗewa mai lamba 48 a takarda ka ajiye. Sai ka rubuta msinfo32 ka duba layin BIOS Mode, zai ce maka UEFI ko Legacy, kuma yadda Windows take haka dole Linux ta kasance, in UEFI ce a Rufus, manhajar da za ka zuba Linux a filash da ita, ka zaɓi GPT, in Legacy ce ka zaɓi MBR. Mafi yawan masu kukan sun gama ɗorawa amma inji yana zarcewa Windows kai tsaye, ko kuma Windows ta ɓace daga jeri, nan suka haɗa ɗaya a UEFI ɗaya a Legacy. Kuma tunda HP ce tsohuwa, in Legacy ce ka leƙa Disk Management ka ƙirga, MBR manyan fatishin huɗu kawai take ɗauka, kuma akwai HP da yawa da suke zuwa huɗun a cike, da na Recovery da na HP_TOOLS, toh in haka ka tarar kar ka goge komai, ɗauko hoton sikirin ka turo mu duba tare.

Rage wa Windows wuri ka yi shi daga cikin Windows ɗin, Disk Management, ka danna dama a kan C ka zaɓi Shrink Volume. A giga 500 ka cire kamar giga 80 zuwa 100, ka bar shi baƙi haka nan ba fomat. Mint giga 20 take nema a ƙalla amma wannan matsi ne, wata biyu ka cika shi.

Nan ma akwai bambanci a tsakaninsu. Mai ɗora Mint, wato installer ɗinta, in ya ga Windows zai kawo maka layi a sama cewa a sa ta a gefen Windows Boot Manager, in ya tarar da filin da ka ware sai ya shiga ciki abinsa, in bai tarar ba ya kawo maka wani ɗan sanda a tsakiya da za ka ja hagu ko dama ka raba. Lubuntu wani installer mai suna Calamares take amfani da shi, shi kuma zaɓi huɗu yake jerawa, Install alongside, Replace a partition, Erase disk, da Manual, kuma abin da nake yaba masa shi ne yana zana maka layi biyu masu launi a ƙasa, na sama yadda had-dis yake yanzu, na ƙasa yadda zai koma, da idonka za ka ga ko Windows tana nan ko ta tafi kafin ka danna. A wannan gaɓar kam Lubuntu ta fi fito da abu fili. In ka riga ka ware fili, Replace a partition za ka zaɓa ka danna kan filin da ba komai. A kowacce dai in ba ka ga sunan Windows a allon nan ba, tsaya, kar ka ci gaba. Wani lokacin ma had-dis ɗin ne gaba ɗaya ba zai fito ba saboda a saitin BIOS an saita shi a kan RST maimakon AHCI, wannan ma akwai yadda ake canja shi ba tare da Windows ta ƙi tashi ba, amma sai an bi ta Safe Mode.

Dan Allah kar ka fara aikin nan da mataccen batiri kana dogaro da wutar gari. Ka san halin da ake ciki, ana tsaka da raba had-dis a ɗauke wuta inji ya mutu, toh ka haɗu da aiki. Ka je inda ke da sola ko janareta, minti talatin zuwa arba'in ya isa. A HP kana kunnawa ka dinga danna Esc sannan F9 ka zaɓi filash, Dell da Lenovo galibi F12 ne. Kuma kafin ka danna Install ka zauna a cikinta daga filash ɗin tukuna, duk biyun suna tashi a haka, ka gwada sauti da wayifai da madannan ƙara haske, in kana da manhajar Ventoy ma ka zuba su biyun a filash ɗaya mai giga 8 ko 16 ka gwada kowacce da hannunka.

In an gama ka sake kunnawa za ka ga baƙin allo da jerin sunaye, shi ne GRUB, kamar zauren gida ne mai ƙofa biyu, ka sauka da kibiya ka shiga Windows ko ka bar shi 'yan daƙiƙu ya shige Linux da kansa. Daga Linux za ka ga fayilolinka na Windows ka buɗe su, amma Windows ba ta ganin na Linux, saboda haka abin da kake so ka samu a duka biyun ka ajiye shi ɓangaren Windows.

Akwai wani ƙaramin abu da zai ba ka mamaki, ka fito daga Linux ka shiga Windows sai ka ga agogo ya koma baya da awa ɗaya, ƙarfe huɗu ta yi ana kiran la'asar kwamfuta na nuna maka uku. Dalili shi ne Linux tana ajiye agogon inji a kan UTC, wato lokacin da duniya ke auna agogo da shi, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuma Najeriya muna gaban UTC da awa ɗaya. Ka buɗe taminal a Linux ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1 magana ta ƙare, a Mint da Lubuntu duk ɗaya ne. Masu rubutun Hausa kuma, a saitin kibod na kowacce akwai Hausa ta Najeriya da za ta ba ka ɓ da ɗ da ƙ ba sai ka sauke komai ba.

In ka samu 'yan kuɗi nan gaba, ka leƙa Farm Centre ko can Beirut Road ɗin ka sa SSD, wato ma'ajiyar da ta fi had-dis mai juyawa sauri, ko da mai giga 256 ce, sannan ka sa a buɗe injin a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka a canja man da ake shafa wa furosesa kafin zafin Afrilu ya shigo, don wani nauyin da kake gani zafi ne yake sa injin ya rage gudu da kansa. Amma ko a had-dis ɗin da kake da shi yanzu Mint Xfce za ta tashi ta bar Windows 10 a baya nesa. Ka fara turo mana abin da BIOS Mode ya nuna da hoton Disk Management ɗinka kafin ka taɓa komai.