Rumfar Baba mai tsoffin littattafai a gefen Kejetia

Jama'a masu tambayata wai ina nake samun littattafan ɗan sanda da ɓarawo da nake ta ɗorawa a status, to ga amsa yau. Wata ƴar rumfa ce a Kumasi idan ka fito daga kasuwar Kejetia ka nufi unguwar Adum, tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai sayar da takalman gwanjo, ba ta da allo ba ta da suna, littattafan ma rabi a kan tebur rabi a cikin kwali a ƙasa. Yau kusan shekara 2 kenan ina zuwa, daga unguwar Aboabo trotro (motar haya) ɗaya ne.

Kayan da ke wurin duk tsoffi ne, na hannu. Agatha Christie ta fi kowa yawa, matar nan littafin bincike 66 ta rubuta kafin ta rasu a 1976 kuma ina jin rabinsu sun taɓa ratsawa ta teburin nan. Sai James Hadley Chase, wanda iyayenmu maza suka sha karantawa suna ɓoye bangon sbd hotunan da ke kai. Baba ne ma ya faɗa min mutumin nan ɗan Landan ne, amma yawancin labaransa a Amurka suke faruwa, da taswira da ƙamus na maganar ƴan titi ya dinga haɗa abinsa. Akwai kuma ƴan siraran Pacesetters, labaran marubutan Afirka na kamfanin Macmillan da aka fara bugawa a 1977, waɗannan kam da wuya su kwana biyu ba a ɗauke ba.

Amma ni gaskiya ba kayan ne ke mayar da ni ba, tsohon ne. Ya karanta abin da yake sayarwa, wlh ya karanta. Ranar farko na ɗauki wani ƙato mai shafi kusan 600, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, ɗana kana son a nuna maka gawa tun farko ka zauna kana lissafin wa ya yi, ko kana son wanda zai hana ka barci ana ta gudu ana harbi? Na ce na farkon Baba. Ya karɓe na hannuna ya mayar kwali, ya miƙo min wani siriri da bangonsa ya sha salatif, ya ce je ka, in ka gano mai kisan kafin babi na ƙarshe na yafe maka kuɗin haya. Ban gano ba. Daren ma an ɗauke wuta, da fitilar waya na ƙarasa shi, kokon da na sayo tun magariba ya huce a kofi ban sani ba.

Tsarin hayar nan shi ne daɗin wurin, ka biya kuɗin littafin gaba ɗaya, in ka dawo da shi lafiya ya cire ɗan abin da zai cire ya ba ka wani. Yana karɓar momo, wato kuɗi ta waya, amma sai jikansa yana nan.

To saura abin da ya ɓata min rai. Sau 2 ina kaiwa ƙarshe in tarar shafukan baya sun zube, na biyun ma dai-dai inda jami'in ya tara kowa a falo zai nuna mai laifi, kawai sai bango. Littafin soyayya ne sai ka ce sun yi aure ka rufe, amma wannan fa? Na koma ina huci, ya ba ni haƙuri ya ce zauna in faɗa maka yadda ta ƙare, kuma ya faɗa ɗin tiryan-tiryan, sai dai ai ji a baki daban karantawa daban. Sannan wani mai karatu mara tsoron Allah ya bi wasu da biro yana zagaye sunan mai kisan tun shafi na 20. Dan Allah in kun je ku fara duba baya ku ga lambar shafi ta cika, kar dai ku karanta.

Sai kuma ƙarancin namu na gida. Na daɗe ina neman na Kwei Quartey, likitan nan haifaffen Accra mai rubuta labaran sufeto Darko Dawson da ya fara fitowa a 2009, musamman na 2016 da ya shafi galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, a Obuasi, nan kusa da mu fa, amma Baba ya ce wanda ya saya sabo ba ya sakinsa gwanjo. Na Hausa kuwa ko ɗaya babu, na tambaya ya yi dariya ya ce sai in wani zai sauko daga Kano.

Ku je da safe kafin rana ta buɗe, rumfar ba inuwa sosai kuma ƙura ba a magana, mai asma ya sa takunkumi. Ranar Lahadi ba ya fitowa.