Tiyatar kyamara ko buɗe ƙirji: amsa ga Hajiya

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya wacce ta fi a tiyatar huhun da za a yi masa, ta kyamara ko buɗe ƙirji. Tunda ɓangare ɗaya na huhun za a cire, kuma likita ya ce duk hanyoyin biyu za su yiwu, ki zaɓi ta kyamara, wadda suke kira VATS.

Ita aka yi wa mahaifiyarmu. Huhun dama ɓangare uku ne, na hagu biyu, nata kuwa na sama a dama aka cire. 'Yan ƙofofi aka huda tsakanin haƙarƙari aka zura kyamara da kayan aiki, ba tare da an buɗa ƙasusuwan ba. Mun je da zaton za mu same ta kwance, sai ga ta ma'aikaciyar jinya na zagayawa da ita, bututun fitar da ruwa da iska maƙale a gefenta, tana ta mita wai an hana ta barci. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne tana iya tari. Tarin nan shi ke fitar da majina ya kare mutum daga nimoniya, wanda ƙirjinsa ke zogi kuwa danne shi yake yi.

Buɗe ƙirji ma yana aiki, da shi kawunmu ya rayu, sai dai ya daɗe yana kuka da wurin ɗinkin. Amma idan ƙarin da ya fito a huhun babba ne, ko ya kusanci manyan jijiyoyin jini, ko tsohon tarin fuka ya manne huhun da bangon ƙirji, kada ki ja da likita idan ya ce a buɗe.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da dillalan asibiti masu alƙawarin "ba yanka ko kaɗan". Ƙarya ce, ai ta wata ƙofa za a fito da abin da aka cire. Ki kuma duba lambar aikin a takardar kuɗi. A tsarin CPT na Amurka, wato tsarin ba ayyukan asibiti lamba, wanda wasu kamfanonin inshora ke bi, 32663 ita ce cire ɓangare ɗaya da kyamara, 32480 ta buɗe ƙirji. Idan an fara da kyamara sannan dole ta sa aka buɗe, lambar buɗewa kaɗai ake sawa. Kika ga duka biyun, ki nemi rahoton tiyatar kafin ki biya.