Tsohon shirin Clipper: a rubuta a GitHub ko a yi bidiyo a YouTube?

Malam, ka tambaya yadda za ka adana abin da ka gano game da tsohon shirin kwamfutar shagon da ke hannunka: a rubuce a GitHub, shafin ajiye lambar shirye-shirye da bayanansu, ko a bidiyo a YouTube. Ka rubuta kawai. Tunda ka ce fayilolin shagon suna ƙarewa da DBF (inda bayanan suke) da NTX (fihirisar neman su), to shirin da aka rubuta da Clipper ke hannunka, tsohon harshen rubuta shirye-shirye na zamanin DOS kafin Windows, kuma na sha fama da shi.

Nawa gadonsa na yi a wani babban shagon sarin magani. Wanda ya rubuta shirin ya bar garin tun tuni, bai bar ko takarda ɗaya ba, sai EXE, wato shirin da ake kunnawa, da tarin fayiloli masu gajerun sunaye irin na DOS. Kamfanin Nantucket ne ya fitar da Clipper a 1985, Computer Associates ya saye shi a 1992, kuma daga sigar 5.3b ta 1997 ba a sake fitar da wata ba. Wato babu ofishin da za ka kira ka yi kuka. A DBF sunan gurbi, wato wurin da ake shigar da bayani ɗaya kamar suna ko kuɗi, ba ya wuce harafi 10, shi ya sa za ka ga abu kamar CBAL2 ka rasa ko bashi ne ko ajiya. Sai da na riƙa zama da tsohon akawun shagon bayan la'asar, shi yana shigar da rasit, ni ina duba gurbin da ya canza. Duk abin da na kama sai in rubuta shi a fayil ɗaya, in tura ma'ajiyar Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa fayil. Har tsarin ɓangaren farko na fayil ɗin DBF na rubuta a ciki.

Amfanin rubutun bai fito ba sai bayan na bar aikin. Wani matashi ya karɓi kwangilar kwashe bayanan zuwa PostgreSQL, rumbun bayanai na zamani, ya gama, sai jimillar bashin kwastomomi ta zarce ta tsohon shirin nesa ba kusa ba. Hankalin Alhaji mai shago ya tashi, har an fara kallon akawu da wani ido. Yaron ya buɗe rubutun nan, ya nemi kalmar gogewa, ya ga inda na ce Clipper ba ya share layi idan an goge shi. Tauraro kawai yake sawa a bayit na farkon layin, layin kuma yana nan daram har sai an ba da umarnin PACK mai share su gaba ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a shagon. Shirinsa ya kwaso har basussukan da aka biya aka goge shekaru da suka wuce. Ya tace masu tauraro, lissafi ya zauna. Da ya kira ni yana ta godiya, ni abin da ya fi faranta min rai shi ne ƙarin da ya yi a fayil ɗin: ya gano rasit masu kwanan wata na 1905, saboda ba a saita SET EPOCH ba, umarnin da ke faɗa wa shirin ƙarnin da shekara mai lamba biyu take, duk wanda ya buga 05 sai shirin ya ɗauka ƙarnin baya ne. Git ya nuna wa ya ƙara me, da yaushe. Wannan ba ya yiwuwa a bidiyo sai an sake ɗauka.

Bidiyo kuwa, makirfon da lasisin manhajar ɗaukar allo da na saya don shi suna nan suna shan ƙura. Abu ɗaya na yarda ya fi a kai: nuna jerin maɓallan da mai karɓar kuɗi yake dannawa kafin rasit ya fita. Bayan wannan, ga cin data, ga allon shago cike da sunayen mutane da bashin da ake bin su.

Ka tuna yadda mai irin matsalarka yake nema. Saƙon kuskuren da ya gani yake kwafa harafi da harafi ya liƙa a Google. Idan ya buga DOS Error 4, so yake ya ga layi biyu: fayilolin da aka buɗe sun yi yawa, a ƙara lambar FILES a CONFIG.SYS, fayil ɗin saitin DOS, a daidaita saitin SET CLIPPER. Idan DBFNTX/1012 ne, galibi fayil ɗin NTX ne ya lalace, sau da yawa bayan an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, sai a sake gina shi daga DBF. Ba wanda zai zauna kallon rabin awa don wannan. Amsoshin da mutane suka rubuta a comp.lang.clipper, zauren Clipper a tsohon dandalin tattaunawa na Usenet, tun shekarun 1990 har yau ana karanta su, ko da yake Google ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet a Fabrairun 2024.

Ka kuma rubuta yadda ka tayar da shirin. Windows mai bit 64 ba ya gudanar da shirin DOS mai bit 16, don haka ka faɗi manhajar kwaikwayon DOS da ka yi amfani da ita, ko vDos ko DOSBox-X, da yadda ka shawo kan firinta, don nan ne ake yawan maƙalewa. Idan Allah ya sa ka samu fayilolin PRG, wato lambar shirin ta asali, Harbour, magajin Clipper na zamani, kyauta ne, kuma da manhajarsa hbmk2 yawancin lambar Clipper tana haɗuwa ta zama shiri mai aiki da ɗan gyara kaɗan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar manhajar gyaran DBF. Wasu za su nuna maka layukan farko kyauta, ka biya, sauran su fito a hargitse, alhali matsalar NTX ce da za ka gyara ba ko sisi. Akwai masu cewa ka turo musu duka fayilolin su duba, wato littafin bashin Alhaji sukutum. Akwai kuma masu sayar da kwafin Valkyrie da aka fasa, manhajar da ke ciro lamba daga EXE, suna rantsuwa zai dawo maka da lambar asali tsaf. Bayanan da marubucin ya sa a gefen lambarsa ba sa dawowa, ƙwayar cutar da ke cikin kwafin kuma kyauta ce. Kada ka gwada komai a kan fayil na asali, ka kwafa tukuna.

Ka buɗe ma'ajiyar a rufe da farko, ka nemi izinin mai shago kafin ka buɗe wa jama'a, ka haɗa da ƙaramin DBF na gwaji mai sunayen ƙarya da layi ɗaya mai tauraro. Idan har ranka na son bidiyon, ka ɗauki gajere a kan wannan na gwajin, ka sa mahaɗinsa a cikin rubutun.